Makarantar girkin Faransa da ta fara a ɗakin girkin wani gida

Malama, kin tambaya ko makarantar da Julia Child, shahararriyar malamar girki 'yar Amurka, ta koyar da girkin Faransa a cikinta babba ce kamar Le Cordon Bleu, sananniyar makarantar girki ta Paris, ganin ke ma kina da niyyar fara koyar da girki a gidanki. Ko kusa ba ta kai haka ba.

Julia ta isa Paris a ƙarshen 1948 tare da mijinta Paul, ma'aikacin gwamnatin Amurka, kuma a 1949 ta shiga Le Cordon Bleu. Daga baya ta saba da wasu Faransawa biyu, Simone Beck da Louisette Bertholle, waɗanda tuni suke rubuta littafin girki domin Amurkawa. Su ukun suka buɗe makarantarsu mai suna L'École des Trois Gourmandes, aka fara darasi a farkon 1952 a ɗakin girkin Julia da ke titin rue de l'Université. Ɗaliban 'yan kaɗan ne, matan Amurka mazauna Paris, a yi girki da safe, da rana kowa ya zauna a ci abin da aka dafa.

Ni da na daɗe ina koya wa mata girki, abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda koyarwar ta tilasta musu rubuta komai dalla-dalla. Wadda ta tashi a gidan da ake girkin, kamar Simone, hannunta ya riga ya san awo, amma baƙuwar ɗaliba ba ta gane "zuba daidai misali", sai an faɗa mata cokali nawa, minti nawa, da kamannin da miyar za ta yi idan ta nuna. Ga kuma wata matsalar: Faransawa da giram suke awo, Amurkawa da kofi, fulawar ƙasashen biyu ma ba iri ɗaya ba ce, don haka sai da suka riƙa maimaita girki ɗaya har ya zauna. Wannan wahalar ce ta shiga littafinsu, Mastering the Art of French Cooking, da ya fito a 1961. Shi ya sa nake ba ki shawara ki fara da ɗalibai kaɗan, ki kuma rubuta awonki kafin ranar darasi.

A 1953 aka mayar da Paul aiki birnin Marseille, Julia ta bi shi. Simone ta ci gaba da koyarwa shekaru da dama, har a gidanta da ke Plascassier, a kudancin Faransa.