Amsa kan katin bikin Tamil da ya ƙi zama a kwamfutarka

Ɗana, na ga saƙonka da hoton katin. Ka ce wani Ba'indiye ya kawo shagonku aikin katin ɗaurin aure da rubutun Tamil, akwai harafi guda tilo a can sama da kake zaton kuskure ne, an sa kwanan wata sau biyu, kuma da ka zuba rubutun a manhajar zane ta CorelDraw sai ya wargaje. Kafin ka taɓa komai, raba abin gida biyu: wani al'adarsu ce, wani laifin na'ura ne. Tunda ba ka karanta rubutun, idonka kaɗai ba zai bambance maka su ba.

Wannan harafi na sama, உ, kada ka goge shi. Sunansa Pillaiyar suzhi. Tamilawa mabiya addinin Hindu da shi suke buɗe rubutu mai muhimmanci, wasiƙa ko littafin lissafin shago ko katin biki, don neman albarkar abin bautarsu Pillaiyar, wanda a wasu sassan Indiya ake kira Ganesha. Sau da yawa a kan ja layi ɗaya ko biyu a ƙarƙashinsa. Tamilawa Musulmi da bisimilla suke farawa, wasu su sa 786, Kiristocinsu kuma gicciye. Idan ranka bai kwanta da buga alamar ba, gaya wa mai aikin tun yanzu ya kai wani wuri. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ka karɓi kuɗinsa ka cire a ɓoye. In za ka buga, ka lura: lambar biyu ta Tamil, ௨, kusan kamarsu ɗaya da உ. Wasalin ake so, ba lambar ba. Haka ௧, wato ɗaya, take kama da baƙin க, ௭ kuma, bakwai, da எ.

Kwanan wata biyun ma daidai ne. Suna da kalandarsu ta rana, shekara tana farawa da watan Chithirai a tsakiyar Afrilu, kuma shekarun suna da sunaye sittin da ke zagayowa. Sai su rubuta sunan shekara da wata da rana irin nasu, su biyo da na Bature. Shi ya sa alƙaluman ba za su zo ɗaya ba, kada ka daidaita su. A tsofaffin katuna za ka ga ௵ a madadin shekara, ௴ wata, ௳ rana. Harafi guda da ɗigo kafin sunan mutum kuma yawanci farkon sunan mahaifinsa ne, a gaba suke sa shi. In ya ce takarda rawaya da ruwan hoda yake so, kada ka lallashe shi da fara mai sheƙi, katin gargajiyarsu ke nan.

To, yanzu na'ura. Tamil tana da wasula 12, baƙaƙe 18, haɗuwarsu ta ba da 216, ga wani guda ஃ, jimla 247. Kowane baƙi da wasalin a yake zuwa, sai an ɗora masa ɗigo a ka, wanda suke kira pulli, sannan wasalin ya mutu: க ka ne, க் k ne. Ɗigon nan ba ƙurar sikana ba ne, kada yaron shago ya share shi. Inda ake shan wuya shi ne wasu wasulan a hagun baƙi ake zana su duk da bayansa ake furta su, kamar கெ da கை, wasu kuma su rabu biyu su sa baƙin a tsakiya, kamar கொ. A Yunikod, tsarin rubutun da kwamfutoci da wayoyi ke bi yanzu, baƙin ake fara dannawa, sannan wasalin, manhajar ce ke da alhakin juya su. Manhajar da ba ta iya ba sai ta bar wasalin a dama, ko ta nuna wani da'ira mai ɗige-ɗige. Abin da ya same ka ke nan, tsofaffin CorelDraw ba su san wannan juyi ba. Rubutun lafiyarsa ƙalau, kada ka shiga jan haruffa da hannu.

Mafita mafi sauƙi: shirya rubutun a Word ko LibreOffice, fitar da shi PDF, shigo da shi CorelDraw a matsayin zane, ba rubutu ba. Daga nan ba ya gyaruwa, don haka sai mai aikin ya gama dubawa tukuna. In InDesign kake amfani da shi, zaɓi sakin layin ka sa masa Adobe World-Ready Paragraph Composer, nan take wasulan za su koma mazauninsu. A Word kuma, in ka canza girman rubutu ya ƙi motsi, buɗe akwatin font ka duba sashen Complex scripts, Tamil can take karɓar umarni.

Sauran cututtukan kowace da alamarta. Akwatuna fanko na nufin babu font mai Tamil: sa Nirmala UI, wanda ke zuwa da Windows tun daga na 8, ko ka sauke Noto Sans Tamil kyauta. Latha da Vijaya a Windows 10 sai ka ƙara su daga Optional features. In ka ga tarkace irin à®¤à®®, fayil ɗin UTF-8 ne aka buɗe da tsarin haruffan Turai. Kowane harafin Tamil bayit uku ne, shi ya sa ɗaya ke zama uku. Rufe ba tare da adanawa ba, ka sake buɗewa da UTF-8. Jerin sunayen waɗanda za a gayyata in ya zo a CSV, kada ka danna shi sau biyu, shigo da shi Excel ta Data ka zaɓi 65001. Alamun tambaya zalla kuwa, ????, wannan ya riga ya mutu, an adana shi a ANSI. Sai dai a sake turo maka.

Akwai wanda ya fi ruɗa mutane. Za a turo maka fayil ka ga jkpo; a inda ya kamata a ga தமிழ். Wannan Bamini ne, tsohon font da aka zana haruffan Tamil a gurbin na boko, bisa tsarin tafireta. Irin abin da ya faru da tsofaffin font na Hausa, inda ƙ da ɗ da ɓ ke rikiɗa su zama wasu alamomi da zarar fayil ya bar kwamfutar da aka buga shi. Tamil tana da irinsu da yawa: TSCII, da TAB da TAM na gwamnatin jihar Tamil Nadu ta Indiya, da Vanavil. Hanya biyu ce. Ko ka karɓi ainihin font ɗin daga mai aikin, ko ka juya rubutun zuwa Yunikod da NHM Converter ko Azhagi. A nan ga wani abin mamaki: da yake a Bamini yadda ido ke gani ake bugawa, கொ ya zama nfh, ba ya buƙatar wani juyi, don haka yana zama daram a tsohon CorelDraw. Masu ɗab'i da yawa shi ya sa har yau ba su sake shi ba. Sai dai kada ka gauraya tsari biyu a layi guda, kuma ka tambaya wane ne aka yi amfani da shi, domin juya TAM da ma'aunin Bamini shirme zai ba ka.

In gyaran kalma ɗaya ko biyu ne, ƙara kibod ɗin Tamil a saitin harshe na Windows. Tamil99, wanda gwamnatin Tamil Nadu ta amince da shi a 1999, wasula na hagu, baƙaƙe na dama, pulli na kan maɓallin f, kuma in ka danna baƙi ɗaya sau biyu shi da kansa yake ɗora wa na farkon ɗigo. Ga wanda bai saba ba, na bin sauti irin Anjal ya fi sauƙi, amma nan ne tarkon yake: suna da n uku, ந ன ண, da l uku, ல ள ழ, da r biyu, ர ற. Musanya ɗaya na iya canza ma'anar kalma ko ɓata sunan amarya. Ni dai shawarata, ya rubuto gyaran a wayarsa ya turo ta WhatsApp, kai ka kwafa.

Abu biyu da dattawansu kan tsaya a kai. ஸ்ரீ da ake sa wa gaban sunaye masu daraja dole ya fito a dunƙule, in ya rarrabu canza font. Sannan a 1978 gwamnatin Tamil Nadu ta sauƙaƙa zanen wasu haruffa, irin su ணா, றா, னா da லை, ளை, னை. Wani tsohon zai ce tsohon zubin yake so, wannan kuma sai font na musamman, ba a kibod ake samo shi ba.

Ka ba layukan tazara fiye da ta boko don kada pulli ya shige cikin layin sama, kuma kada ka buɗa tsakanin haruffa. Buga kwafi ɗaya a girman katin, wanda ya iya Tamil ya karanta shi da ƙarfi, ya sa hannu a baya, sannan ka kai a yi faranti.

Ka gaida mahaifiyarka da ƙannenka.