Amsa ga mai tambaya kan bindigar da ya gada daga kakansa

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka tambaya wace bindiga ce ta daban da kowannenmu ya fi ji da ita, kuma ko ya dace ka sayar da bindigar toka da ka gada daga kakanka tunda ba ta da amfani a yau. Ni maharbi ne ɗan maharbi, kuma irin taka ce na fi ƙauna a cikin abin da na mallaka, don haka shawarata ita ce kada ka rabu da ita.

Tawa wani maƙeri ne ya ƙera wa mahaifina ita tun kafin a haife ni. Doguwa ce, ta baki ake ɗura mata albarushi a danna da siririn ƙarfe, kuma harbi ɗaya take yi sai an sake ɗuri, shi ya sa mai riƙe da ita ba ya harbin gaggawa. Ƙotarta ta yi baƙi ta yi sulɓi daidai wurin da hannun mahaifina yake kamawa, akwai kuma fatar da ya ɗinke da kansa a inda itacen ya tsage. Na riƙe mai baki biyu ta kamfani wadda ta fi ta kyau da saiti nesa ba kusa ba, amma ba ta taɓa sa ni tuna yadda yake zaunar da ni a zaure yana nuna mini cewa ba a juya bakin bindiga wajen mutum ko da babu komai a cikinta ba.

Kada kuma ka raina asalinta. Tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga a matsayin masu tsaronsa, kuma a ƙarni na 19 Sarkin Damagaram Tanimu ya tara bindigogi masu yawa har ana haɗa albarushi a garinsa. 'Yan bindigar da muke gani suna tayar da hayaƙi a hawan Sallah wannan gadon suke riƙe da shi. Irin waɗannan bindigogi ba a samun biyu masu kama ɗaya, domin kowane maƙeri da hannunsa.

Sai dai ina roƙonka kada ka harba ta. Ƙarfen da ya daɗe a ajiye yana yin tsatsa ta ciki inda ido ba ya gani, kuma na san maharbin da ya rasa yatsunsa saboda tsohuwar bindiga ta fashe masa a hannu. Abu na farko da za ka yi shi ne ka kai ta wurin sarkin maharba ko maƙerin da ya san aikin, ya tabbatar babu tsohon ɗuri a ciki, domin dattawa da yawa sun rasu sun bar nasu a ɗure. Bayan haka ka shafa mata mai, ka kulle ta a busasshen wuri da yara ba sa kaiwa.

Batun hukuma ma kada ka yi wasa da shi, musamman a wannan hali na rashin tsaro da ake ciki. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta ambaci bindigogin da ake ɗurawa ta baki a rukuninsu na daban, saboda haka ka je ofishin 'yan sandan jiharku ka nemi bayanin izinin ajiye ta. Idan kuma akwai wani dattijo da ya yi farauta tare da kakanka, ka same shi tun yana raye ya gaya maka wanda ya ƙera ta da dazuzzukan da suka shiga da ita, ka rubuta ka ajiye tare da takardar izinin.