Amsa: Yadda za a adana tsohuwar rigar kore

Malam, ka ce ka gaji rigar kore ta kakanka, babbar rigar nan mai rinin baba da ƙyalli, mai aikin zare na aska takwas, kana tambaya ko a wanke ta. Kada ruwa ya taɓa ta. Ƙyallin nan shuni ne da aka buga a kanta, wanki ɗaya zai tafi da shi, kuma ya ɓata zaren aikin.

Kada ka rataye ta, nauyin aikin zai yaga kafaɗa. Samo farin yadin auduga, a wanke shi ba bula ba sitati (sitati abincin kyankyaso ne), ka naɗe ta ciki. Duk inda ka ninke, ka cusa tsumma mai laushi, kuma ka sauya wurin ninkin bayan wata 4, don nan zare ke fara karyewa.

Leda kuwa, a'a. Laimar Agusta za ta taru ciki, rigar ta yi funfuna. Akwatin ƙarfe yana tsatsa, sai an shimfiɗa yadi. Ɗora akwatin kan benci, nesa da bango saboda gara. Kafur a ƙulle shi daban a kusurwar akwatin. Shan iska a inuwa kawai.