Amsa ga 'yar'uwa mai son a yi wa yaranta ɗan teburin wasa

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce kina son ɗan teburi na katako da yara za su riƙa zane da wasa a kai, kina tambayar wane katako ya dace da kuma tsayi nawa. Wallahi da na karanta sai da gabana ya faɗi, don a kan irin teburin nan na ga tashin hankali. Ki sa a yi, yana da amfani sosai, amma kada ki sakar wa kafinta aikin shi kaɗai.

Nawa kafintan unguwarmu ne, mutumin da har kunu muke aika masa da azumi. Na ce masa na yara ne, autan ma bai cika shekara uku ba. Ya ce, "Hajiya ki bar mini komai." Ya karɓi kuɗin busasshen maɗaci, ashe ɗanyen katako ya samo ya lafta masa fenti ruwan ƙasa don kada a gane. Da damina aka kawo, ya yi kyau abinsa. Hunturu na shigowa saman ya tsage, ƙafa ɗaya ta daina taɓa ƙasa, kan ƙusa ya fara leƙowa. Ina kicin na ji ƙara. Autana ne ya dafa gefe zai miƙe, teburin ya kifo, kusurwar ta sare shi a saman gira. Jini ya rufe masa ido har na ɗauka idon ne ya tafi. Maigida ba ya gari, ko takalmi ban sa ba na fita neman adaidaita, yayar yaron tana bina tana kuka. Sai da aka yi masa ɗinki. Da na je wajen mutumin nan, ko sannu bai ce ba, cewa ya yi ai yarana ne ba sa jin magana. Yaron da ko magana bai gama iyawa ba! Har yau wannan kalmar ta fi mini kuɗin ciwo, kuma na bar shi da Allah.

To katako dai, ki sa maigida ko ƙaninki ya je 'yan katako ya zaɓo da kansa. In a Kano kike ga Na'ibawa ga Rijiyar Lemo. Ɗanye ya fi nauyi, kuma za a ji shi da sanyi-sanyi a hannu. Malaina ba ta da nauyi kuma ta fi araha, maɗaci ya fi ƙarfi. Saman kuwa filawud mai kaurin inci uku bisa huɗu ya wadatar. Fallensa ƙafa 4 ne da ƙafa 8, ya yi miki yawa, ki tambayi ragowar da aka yanka. Ki guji MDF, allon da ake matsawa daga garin katako da gam, da ruwa ko koko ya shige shi ta gefe sai ya kumbura ya fara marmashewa, kin kuwa san yara da zubar da abu.

Kusurwoyin nan huɗu a zagaye su, a goge da samfefa har ƙarƙashi. Ki ɗauki tsohon gyale ki ja a kai, duk inda ya maƙale akwai sartse. Kada kafintan ya yi miki da ƙusa zalla, ya sa gam irin Top Bond da sukuru, kawunan su nutse cikin katakon. Ƙafafun tu-bai-tu, wato inci biyu-biyu, a can bakin kusurwa, da sanda mai haɗa su. Ranar karɓa ki danna gefe ɗaya da ƙarfinki a gabansa, in ya ɗaga kada ki karɓa. Durowa ma ki haƙura da ita, yatsu take datsewa.

Tsayi, ga 'yan shekara 2 zuwa 5, inci 18 zuwa 20 ya yi, kujera kuma inci 10 zuwa 12, yadda ƙafar yaro za ta taka ƙasa. Faɗin ƙafa 2 da tsawon ƙafa 3 zai ɗauki yara biyu ba faɗa.

Fenti ne abin da mutane ba sa kula da shi. Wasu fentin mai akwai dalma a ciki, yara kuma lasa suke yi, su gatsa. Kun tuna Zamfara a 2010, yara sama da 400 gubar dalma ta kashe. Wancan daga haƙar zinare ne, amma gubar ɗaya ce, kuma ƙwaƙwalwar yaro take taɓawa. Ki nemi fentin ruwa, a bar teburin ya sha iska a inuwa har warin ya fita. In ya ce zai shafa baƙin mai saboda gara, ki ce a'a, ba rufin ɗaki ba ne.

Kuma don Allah kada ki biya duka tun farko, rabi ya isa. Kafintoci da teloli duk halinsu ɗaya, kuɗi na shiga hannu sai "ki dawo jibi". Teburinmu na biyu wani dattijo ne ya yi mana, shi da kansa ya ce a kawo yaron ya zaunar da shi ya auna. In kina da ƙananan kujerun roba a gida, ki haɗa masa da ɗaya ya auna tsayin teburin da ita.