Gem yana rage mini damuwa, amma ina tsoron zuwa asibiti

Wani matashi ɗan Zariya da ke aikin kula da tsofaffi a Manchester ya rubuto: "Malam, in na taso daga aiki sai in kulle ɗaki in yi ta buga ƙwallo a PlayStation har gabanin asuba. Lokacin ne kawai nake jin ƙirjina ya yi sauƙi. Ina gudun asibiti kada a rubuta cewa ina da taɓin hankali, abin ya shafi bizata."

Ƙanina, ba zan ce ka jefar da na'urar ba. Sauƙin da kake ji gaskiya ne, domin gem yana kama hankali ya hana shi zagayen tunani ɗaya. Har masu bincike a Jami'ar Auckland ta New Zealand sun ƙera wasa mai suna SPARX don matasa masu ciwon damuwa, kuma gwajin da aka wallafa a 2012 ya nuna yana taimakawa. Sai dai shi an gina shi ne a kan dabarun likitocin ƙwaƙwalwa. Ƙwallon da kake bugawa hutu kawai take ba ka.

Abin da ya dame ni a wasiƙarka shi ne ƙofar da kake kullewa da barcin da kake rasawa. Rashin barci yana ƙara rura damuwa da fargaba, ga hunturun Ingila da rana ke faɗuwa wajen ƙarfe 4 a watan Disamba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da jarabar gem a matsayin cuta, kuma alamominta su ne mutum ya kasa dainawa, ya fifita wasan a kan aiki da mutane, ya ci gaba duk da yana ganin illar. Ka auna kanka da waɗannan.

Tunda kana son wasan, ka daina yin sa kai kaɗai. In kana da ƙane ko aboki a gida mai na'ura, tura masa kuɗin data, ku sa lokaci ku kara ta intanet kuna hira da Hausa. Tazarar agogo tsakanin Ingila da Najeriya awa 1 ce a hunturu, da bazara ma babu. Awa 1 ko 2 ta isa, ka kashe ka kwanta. Ranar Juma'a kuma ka tsaya a masallaci ka gaisa da jama'a.

Batun biza kuwa, ka kwantar da hankalinka. Yin rajista da likitan unguwa, wanda suke kira GP, kyauta ne, kuma abin da ka faɗa masa sirri ne. Ciwon damuwa ba hauka ba ne. Da zarar ka yi rajista, kana iya neman shirin NHS Talking Therapies, wato shirin hukumar lafiyar Ingila na magance damuwa ta hanyar tattaunawa da ƙwararre, da kanka ta intanet. In dare ya yi maka tsawo, ko tunanin cutar da kanka ya zo, ka kira Samaritans, ƙungiyar da ke sauraron masu damuwa ta waya, a 116 123, kyauta ne ko da wane lokaci. Ka nemi ganin likita cikin makon nan, sannan ka sake rubuto mini.