Kafin ku sayi fim ɗin Dolls: amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Na ga hoton wasu masoya biyu ɗaure da jar igiya suna tafe cikin jajayen ganyaye, aka ce mini fim ɗin Japan ne mai suna Dolls. Ni finafinan Indiya na saba kallo. Zai burge ni kuwa?

Amsa: 'Yar uwa, ya cancanci kuɗinki, amma ki san abin da za ki tarar. Takeshi Kitano ne ya shirya shi a 2002, tsawonsa minti 114, kuma magana a cikinsa kaɗan ce ƙwarai. Labarai uku ne aka saƙa wuri guda. Matsumoto ya yasar da budurwarsa Sawako don ya auri 'yar maigidansa, bisa matsin iyaye. Sawako ta yi yunƙurin kashe kanta, ta rayu amma hankalinta ya gushe. Ranar bikin labari ya iske shi, ya bar komai ya je ya ɗauko ta. Igiyar nan ya ɗaura ne don kada ta ɓace masa, daga baya ta zama ita ce rayuwarsu: suna tafe daga lokacin furen sakura, zuwa bakin teku, zuwa kakar jan ganye, har cikin dusar ƙanƙara. Na biyu wani tsohon ubangidan 'yan yakuza ne, wato 'yan dabar Japan, da ya tuna matar da ta yi alkawarin kawo masa abinci lambu kowace Asabar. Ya koma bayan shekaru masu yawa ya same ta a kan benci, da abincin a cinyarta. Na uku mawaƙiya ce da hatsari ya ɓata wa fuska, da wani masoyin waƙarta.

Kada ki tsallake mintunan farko. Wasan 'yar tsana ne na bunraku, inda mutum uku ke sarrafa 'yar tsana ɗaya, an ɗauko shi daga wasan da Chikamatsu Monzaemon ya rubuta a 1711. Shi ne mabuɗin fim ɗin duka, domin mutanen da za ki gani bayan nan su ma kamar wani hannu ne ke juya su. Shi ya sa kayan da Yohji Yamamoto ya ɗinka wa masoyan suka fi ƙarfin masu yawon bara irinsu. Da gangan ne. In kina jiran a ƙare da biki da rawa, wannan ba naki ba ne.

Tambaya: Zan yi odar faifansa daga waje. DVD zan saya ko Blu-ray? Na Japan ya fi inganci?

Amsa: Malam, Blu-ray, in kana da na'urarsa. Amma kafin ka biya, juya bayan na'urar ka duba harafin yankinta. Blu-ray kashi uku ne: Japan da Amurka suna A, Turai da Afirka suna B. Na'urar da aka shigo da ita gwanjo daga Amurka A ce, ko da a Kano take zaune, kuma faifan B da aka kulle ba zai buɗe a cikinta ba. PlayStation ma haka take da faifan fim. Kamfanin Third Window Films na Ingila ya fitar da Dolls a Blu-ray da fassarar Turanci a ƙasan allo, na yankin B. Faifan Japan kuwa, ban da tsada, da yawansu ba su da fassara ko kaɗan, don haka ka nemi mai sayarwa ya turo maka hoton bayan kwalin ka karanta. DVD kuma lambobi yake bi: Amurka 1, Japan da Turai 2, yawancin Afirka 5.

Tambaya: An tura mini shi a waya, megabayit 300. Jan launin duk ya dame, ganyayen sun zama kamar tabo. Talabijin ɗina ne ya lalace?

Amsa: Talabijin ɗinka lafiya lau. Raba megabayit 300 a kan minti 114, za ka ga abin bai kai rabin megabit ba a daƙiƙa. Dama can bidiyo yana adana launi da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙwayoyin da yake adana haske da su, kuma ja mai kauri shi ne ke fara nuna wannan raunin. Ga ganye dubbai suna motsi lokaci guda, ga siririyar igiya ja: da an matse fayil, su za su fara narkewa. A wani fim ana iya haƙuri da haka. A wannan, launin ne ke ba da labarin da bakin 'yan wasa bai faɗa ba. Ka nemi kwafin halal na 1080p, wanda ya kai gigabayit 4 ko fiye.

Sai saitin allo. Fitar da shi daga Vivid ko Dynamic, waɗanda ke ƙara wa ja ƙarfi har ya ƙone, ka mayar Cinema ko Movie. Kashe abin santsin motsi, wanda LG ke kira TruMotion, Sony kuma Motionflow, don yana ƙirƙiro hotunan da ba a ɗauka ba. Siririn baƙin layi sama da ƙasa na asali ne, kada ka zuƙo hoton don ka cike shi. Ka rage fitila, ka kashe fanka mai ƙara in zafi ya bari, saboda kiɗan Joe Hisaishi a hankali yake shigowa.

Tambaya: Za mu iya kallo da yara?

Amsa: A'a, Hajiya. Sunan Dolls, wato 'yan tsana, yana ruɗi, amma akwai yunƙurin kashe kai, akwai kisa, akwai kuma mutumin da ya makantar da kansa da hannunsa. Ki bari sai sun yi barci.