Amsa ga mai tambayar yadda nas za su fara bincike kan ciwon dajin huhu

Sista, kin tambaya ta ina ma'aikatan jinya za su fara nasu binciken, alhali babu kuɗi, kuma kullum ku ne masu cike wa wasu fom. Ki fara da tambaya ɗaya ƙarama wadda ke gabanki a wod, wato ɗakin kwantar da majinyata. A ganina wadda ta fi dacewa da mu a Arewa ita ce: wata nawa majinyaci ya yi daga fara tari zuwa ranar da aka tabbatar da cutar, kuma sau nawa aka ɗora shi kan maganin tarin fuka kafin nan? Za ki ga mutum ya shanye maganin wata 6, gwajin GeneXpert na gano tarin fuka bai nuna komai ba, ga shi sai ramewa yake yi. Nas ce ke zama da shi har ta ji wannan tarihin.

Fom ɗin kada ya wuce shafi ɗaya: shekaru, shan taba, girki da itace, wuraren da ya je neman magani har da kemis da mai maganin gargajiya, sai ma'aunin ciwo da na sarƙewar numfashi daga 0 zuwa 10. Ku gwada shi kan mutum 10 tukuna.

Inda aiki ya fi lalacewa shi ne kwanan wata. Dattijo ba zai ce miki 3 ga Maris ba, zai ce "kafin azumi" ko "bayan girbi". Ku rubuta ƙa'ida ɗaya ta mayar da irin wannan amsa zuwa wata, kowa ya bi ta. In ba haka ba, nas biyu za su rubuta abu biyu game da mutum ɗaya. Ku kuma karɓi lambar waya biyu, tasa da ta mai jinyarsa, don da yawa sukan koma ƙauye layin ya daina shiga.

Kada a taɓa majinyaci na farko sai kwamitin ɗa'ar bincike na asibiti ya ba da izini a rubuce, domin mujallar kirki ba ta karɓar aiki babu shi. A kula sosai, wani majinyacin iyalinsa sun ɓoye masa sunan cutar. Bai kamata ya fara jin ta daga takardar amincewa da shiga binciken ba, don haka ki tuntuɓi likitansa kafin ki karanta masa.

Ki nemi matron, wato shugabar ma'aikatan jinya, ta ware miki rabin yini a mako cikin jadawalin aiki, ba da baki ba. Jerin sunayen marubuta ma a daidaita shi tun ranar farko.

Kuma kada ki raina abin da nas ke iya bincikawa. A Birtaniya, a 1999, an wallafa gwajin da nas suka jagoranta kan majinyata 119 masu wannan cuta, inda koyar da dabarun numfashi da sauraron damuwarsu suka rage musu wahalar sarƙewar numfashi.